Ranar Da Na Tare Wa Sa'a Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ba, ko da zan manta baƙaƙen da na koya. Ina da shekara hamsin da biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu a Gadarif. Sati uku kacal, na naɗa kaina mai gadin ƙofa (ba wanda ya sa ni, bakina ne ya ɗauke ni aiki).

Ran nan sai ga mutum ya doso da 'yar shara da wando da hula, hannu duk baƙin mai, littafi a hammata. Na miƙe na baje a ƙofa, na ce nan ajin mata ne, na maza yana bayan masallaci. Da ƙarfi na faɗa, don ustaza, malamarmu, ta ji ina aiki.

"Daga can aka turo ni nan, Hajja."

Sai a lokacin na dubi fuskar. Sa'a ce, 'yar marigayiya maƙwabciyata, wadda na goya tana jaririya, yanzu tana tuƙa tarakta a gonakin riɗi na Doka. Maimakon in kauce, kunya ta ƙara min taurin kai (halina ke nan), na ce to ta faɗa mana, mace ce ko namiji, mu san inda za mu ajiye ta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yi shekaru tana yafa tob, mayafin matan ƙasar nan, don idon mutane, tana jin sa kamar kayan aro. Ta zauna cikin maza, can ma baƙuwa ce.

"Ni dai haka nake. Lasin tuƙi nake nema, kuma sai da karatu. In nan ma babu wuri, in koma."

Ta juya. Na kai hannu in riƙo ta, sai littafina ya suɓuto daga cikin tob ɗina ya faɗi gaban kowa. Can nake cusa shi kullum, kada matan layinmu su ga tsohuwa da littafi. Ita kuwa da nata a fili ta ratso kasuwar dawa.

Na ce ma'alesh, wato ta yi haƙuri, na matsa mata a bencina.

Har yau ban gama gane Sa'a ba, ita ma ba ta roƙe ni in gane ba. Ta riga ni iya rubuta sunanta. Littafina yanzu a hannu nake riƙe shi, gadi kuwa na ajiye. Wadda ta yi sati uku tana ɓoye littafi a cikin tob ba ta da bakin tambayar abin da ke cikin rigar wani.