Ranar da Wayata ta Ƙaryata Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Sanusi ba, ni da nake manta inda na ajiye babur ɗina.

Ni malamin dabbobi ne a Bodinga. Sai da na kai shekara arba'in da huɗu wani likita a Sakkwato ya ce abin da ake kira shiririta tun ina yaro lalura ce mai suna ADHD, wadda ke hana hankali zama wuri guda. Na dawo gida ina taƙama kamar an naɗa mini sarauta (matata ta ce da ita na tambaya, da ta faɗa mini tun tuni).

Daga nan na samu wata koci ta waya, mai koya wa irina tsara rayuwa. Tana zaune a ofis mai sanyi, ba ta taɓa bin hanyar Kajiji da damina ba, amma ta san yadda zan gyara rayuwata. Ta ce kafin kowane taro in naɗi muryata ina yi wa kaina gargaɗi, in sa wayar ta kunna mini kafin in fita.

Ni aka zaɓa wakilin ango a garin Dandin Mahe, karo na farko da dangi suka damƙa mini wani abin kirki. Na naɗi gargaɗina, na saita shi goma da rabi. Wato haka na zata. Ashe sha ɗaya da rabi na danna.

Muna zaune kan tabarma ƙofar gidan surukai. Kawu Alhaji, yayan mahaifiyarmu, yana zaune dama da ni, ya gama ba da labarin yadda ya taɓa korar ɓarayin shanu bakwai shi kaɗai (bara biyar ne). Liman ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit.

Sai muryata ta fito daga aljihu, da ƙarfin lasifikar masallaci: "Kai! Zamna wuri guda. Kada ka ɗauko zancen tsutsar awaki. In Kawu Alhaji ya fara ƙaryar tasa, yi shiru, tsoho na!"

Na kai hannu aljihun dama, wayar tana hagu. Kafin in lalubo ta cikin babbar riga, ta sake maimaitawa. Dangin amarya suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

Kawu ya juyo a hankali. "Ɗana, ni ka ƙarya?"

Na ce, "Allah shi gafarta Kawu, magani na. Likita yas sa ni."

"Likita yac ce ni ka ƙarya?"

Nan take aka karɓe wakilcin aka ba ƙanen mahaifinmu. Aka ɗaura auren ina can baya kusa da takalma. Sati uku ina zuwa Shagari gaida Kawu kafin ya amsa sallamata.

Da na ba koci labari, ta ce wannan babbar dama ce ta koyo, in rubuta yadda na ji. Na rubuta, amma bai dace ta karanta ba.

Har yau ina sa waya ta tuna mini allurar shanu da shan magani. Ra'ayina game da manya kuwa, a cikin kaina nake barinsa, inda na tabbata kafin azahar ya ɓace.