Bijimin da Na Yi wa Shaidar Kamun Kai

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa bijimi shaidar kamun kai, ko da kuwa na so in manta.

Bayan na gama digiri a fannin Turanci na daɗe ina zaune a gida a Jega, sai kawuna ya samo mini aikin wucin gadi: tafinta ga wata likitar dabbobi 'yar bautar ƙasa, wadda ba ta jin Hausa ko ta cinikin albasa a Aliero. Muna bin ruga-ruga ana yi wa shanu allurar rigakafi, ita ta faɗa da Turanci, ni in mayar. Na riƙe aikin da hannu biyu, don na san wahalar samunsa. Abu ɗaya na ɓoye wa kowa: ina tsoron shanu. (Maraƙi ma in ya ƙura mini ido sai in sauya hanya.)

Ranar muna wata ruga a gefen Andarai. An gama da sauran garken, saura bijimin Baffa Buba, mai rugar, wani jan ƙato da ke tsaye a bayan shingen kara. Baffa ya ce mini, "Ɗana, ku dakata in ɗauko igiya, wanga ba ya da wasa." Na ce to. Gaskiya ban san abin da na ce wa to ba, domin idona yana kan ƙahon.

Dakta tana zuƙo magani a sirinji. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta tambaye ni, "Is he restrained?"

To, kalmar nan na san ta, ko in ce na ɗauka na san ta. A aji muna faɗinta ga mutum mai kamun kai, wanda fushi ba ya kwasarsa. Na leƙa bijimi: yana tsaye shiru yana tuƙa, ko ƙuda bai kora ba. Na ce, "Very restrained, Dakta." (Wannan "very" da na ƙara a gaba, wato ƙwarai, shi ya fi damuna har yau.)

Sai da ta miƙa hannu ta saman shingen ɗaya ma'anar ta faɗo mini: a ɗaure. Tambayata take ko an ɗaure shi. Na buɗe baki, Turanci ya gudu, Hausa ta bi bayansa.

Allura na shiga, shinge ya tashi sama. Dakta ta faɗi gefe cikin kashin shanu, ƙaho ya wuce da hularta. Na ɗauka ta mutu, kuma ni na kashe ta da kalma ɗaya. Sai bijimi ya juyo kaina. Har yanzu ban san yadda na hau rufin motarmu ba, na dai tsinci kaina a can ina salati da muryar da ba tawa ba.

Baffa ya sheƙo da igiya, shi da 'yan'uwansa suka kama shi. Dakta ta miƙe, ba abin da ya same ta sai ƙurjewar gwiwar hannu. Ta ɗaga kai ta tambaye ni abin da na ce mata ɗazu. Ni kuwa, daga kan rufin mota, na fara bayanin cewa kalmar, a iya sanina, tana da ma'ana biyu.

Baffa ya tambayi direbanmu, "Mi yaka cewa?" Aka gaya masa. Ya dube ni ya ce, "Da shi mun ka ɗaure da ya hi."

Dakta ba ta kore ni ba, Allah ya saka mata. Amma daga ranar ba ta sake tambayata da baki ba, sai ta ɗaga igiya ta nuna mini.

Yanzu ko akuya aka tambaye ni halinta, ƙafarta nake fara dubawa. In ban ga igiya ba, ba na ba da shaida.