Dodannin Maiwada Guda Uku

"Ni fa daga Funtuwa har Malumfashi babu mahalukin da ya san fim ɗin ban tsoro kamar ni. Shekara ashirin ina kallo, ko gezau ban taɓa yi ba!"

Maiwada ke nan, wanda samarin Dayi ke kira Farfesan Dodanni. Sunan tsokana ne, amma gogan naka ya karɓe shi hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a bayan babur. Manomi ne, yana da 'yar gonar auduga da ta masara, sai dai in ka ji yana ba da tarihin dodanni za ka rantse unguwarsu ɗaya. Ga tumbi, ga 'yar hula a ƙeya, ga wasu silifas ruwan ɗorawa da ko makahon garin ya san ƙararsu.

Duk girman nan nasa a kan abu ɗaya ya rataya, wato rimot. Gidan kallon Alhaji Sada ƙwallo ake nunawa duk mako, amma ran Alhamis ta fim ɗin ban tsoro ce, kuma shekara goma sha biyu ke nan rimot na hannun Maiwada. Shi ke zaɓen fim, shi ke tsayar da shi ana tsakiyar kallo ya miƙe ya yi bayani. A leda yake naɗe rimot ɗin, a aljihun ƙirji yake kwana. Ka raba shi da wannan ɗan abu, ya koma Maiwada mai gonar da ciyawa ta fi amfani yawa, kuma shi ma ya san haka sarai.

Matsalar ita ce Farfesa ba ya saka komai sai tsofaffin finafinai, irin masu baƙi da fari, waɗanda hotonsu ke rawa kamar an ɗora talabijin a kan injin niƙa. Wata Alhamis sai Zaharaddeen tela, shugaban masu son sababbi, ya gaji.

"Farfesa, don Allah yau a canza mana. An sake yin fim ɗin mai shan jinin nan, wallahi sai ka ga kamar zai faso gilashi ya fito."

"An sake yi!" in ji Maiwada yana taɓe baki. "Ɗumame ke nan. Tuwon jiya aka zuba wa ruwa."

"Yo ai ɗumame ya fi daɗi."

"Rufe mana baki, ɗan zamani! Dodon kwamfuta dodo ne? Na da mutum ne da jini a jika, aka liƙa masa gashi da haƙora, ya fito yana numfashi. Shi ne tsoro!"

"Farfesa, makon jiya fa zif muka gani a bayan dodonka. Ni tela ne, na san zif. Ɗinkin ma a karkace yake."

Gidan kallo ya ɗauka da dariya. Maiwada ya kumbura, ya miƙe, ya daki ƙirji daidai inda rimot yake.

"Ni nan, da hannuna, zan haɗa dodo irin na da, babu kwamfuta babu wuta, in tsorata garin nan da rana tsaka!"

Alhaji Sada, mai gidan kallon, yana gefe yana duban bencina uku da babu kowa a kansu. Dama ya daɗe yana neman hanyar raba Maiwada da rimot ɗin.

"Madalla, Maiwada. Ba sai gari duka ba. Nan da Alhamis mai zuwa ka tsorata mutum ɗaya tak, a gaban shaidu. In ka yi, rimot naka ne har ka tsufa. In ka kasa, ka miƙa wa Zaharaddeen."

"Mutum ɗaya? Alhaji, ka raina ni. Ka tanadi ruwan yayyafa wa waɗanda za su suma."

Ran Asabar da hantsi aka fara da mai shan jini. Maiwada ya yafa baƙin zanen matarsa Hansai, ya fere rogo ya yi fiƙoƙi biyu ya cusa a baki, ya kurkure da zoɓo mai kauri ya bar shi yana dalala ta haɓa. Ya zaɓi Iya Adama mai ƙosai, don a lissafinsa tsohuwa ba ta da wuyar firgita. Zaharaddeen da mutanensa suka tsaya nesa kaɗan a matsayin shaidu.

Ya lallaɓa ta bayanta, ya buɗe zane, ya wage baki ya yi wani gurnani.

Iya Adama ta waiwayo, ta ƙura masa ido, ta ajiye matsami.

"Subhanallahi! Maiwada, dasashinka ne ke zubar da jini haka? Dubi haƙora har sun fito waje! Duƙo nan, ɗan nan."

"Iya, ni ne mai shan..."

"Yi shiru, magana ƙara shi take yi."

Kafin ya ankara ta kama haɓarsa, ta kwance bakin zane ta ciro tafarnuwa, ta danna masa ƙwaya uku a kurmin baki. Fiƙa ɗaya ta faɗo ƙasa, wata akuya da ke wucewa ta ɗauke ta yi gaba.

"Farfesa," in ji Zaharaddeen daga nesa, "ba kai ka koya mana tafarnuwa ke kashe mai shan jini ba? A ƙa'ida fa ka rasu."

Da ya koma gida yana tofar da yawu, Hansai ta dubi zanenta da ya sha zoɓo.

"Malam, ka bar wa yaran nan abinsu mana. Ko an tsorata?"

"Ba a shirya ba ne. Mutanen garin nan ba su da ilimin mai shan jini. Jibi za ki ji labari."

Jibin ta zo. Wannan karon gawar nan ta tsofaffin finafinai ya zaɓa, wadda ake naɗewa da bandeji ta tashi daga kabari tana jan ƙafa. Ya saye bandejin kemis ɗin garin kaf, da bai isa ba ya yayyaga tsohon gidan sauro. Ya naɗe kansa tun daga ƙafa har ka, har baki, ido kawai ya bari. Tumbin ne ya ƙi ɓoyuwa, kuma da yake ƙasa ta yi zafi sai ya zura silifas ɗinsa ruwan ɗorawa.

To abokina, ka san Dayi a bakin titi take. Yanzu ka ɗauka kana zaune a tasha, sai ga mutum ya fito daga bayan wata bas, naɗe da bandeji, hannuwa a miƙe, yana jan ƙafa ɗaya, yana nishi. Me zai fara zuwa ranka?

"Innalillahi! Maiwada ya yi haɗari da babur!"

Nan take tasha ta ruɗe. Masu acaɓa suka yi kansa, masu rake suka bar rakensu. Wani na cewa tirela ce, wani na cewa a hanyar Malumfashi aka yi, shi ya gani da idonsa. Maiwada ya ƙara ƙarfin gurnani don su gane dodo ne.

"Ku ji yadda yake nishi, bawan Allah! Ƙafar ce ta karye, ku ɗauke shi!"

Ƙarti shida suka yi sama da shi, ba su dire ko'ina ba sai zauren Malam Shitu mai ɗori. Shi kuwa Malam Shitu dattijo ne da bai taɓa taɓa ƙafa ya ce lafiyarta ƙalau ba. Ya shafa ƙaurin Maiwada, ya girgiza kai.

"Ta goce. Ku danne mini shi."

Ihun da Farfesa ya yi ta cikin bandeji, da a fim ne da an ba shi kyauta. Aka ja ƙafar da ba ta yi laifin komai ba, aka jera mata kara, aka ɗaure tamau. Kwana biyu yana kwance mutane na tururuwar zuwa dubiya, wannan da kunu, wancan da lemo. Har Zaharaddeen ya zo, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Sannu, Farfesa. Ya jikin gawar?"

Ni kam a nan ya fara ba ni tausayi, don ranar Laraba da yamma an ga ya ciro rimot daga leda yana shafa shi shiru, kamar mai sallama da ɗa. Mai hankali da ya haƙura. Amma Maiwada ya kwana yana tunani, ya tashi ran Alhamis da abin da ya kira babbar dabara.

"Hansai, kuskurena ɗaya ne, ana gane ni. Yau mutum-kura zan zama, wanda gashi ke rufe shi ruf. Dama mini koko mai kauri, babu sukari."

Ya kwance karan ɗori, ya shiga ɗaki ya jawo buhun audugar da ya tsinko daga gonarsa, ko gurzar ta ba a yi ba, da guryarta da komai. Ya tuɓe daga shi sai gajeren wando, ya shafe jikinsa da koko, ya bi ya liƙa auduga har fuska. Da ya duba madubi sai ya ga ya yi fari fat, kura kuwa ba fara ba ce. Ya ɗebo dusar masara kwano biyu ya barbaɗe jikinsa da ita har ya yi ruwan ƙasa.

Hansai ta tsaya riƙe da ludayi tana kallonsa.

"Malam, gurya da dusa da koko. Ka san kuwa abin da ka haɗa? Wannan fa shi ake ba ragon turka."

"Ke kin san fim ne? Tafi ki ji da tukunyarki."

Bayan la'asar ya bi ta bayan gari ya laɓe a cikin tarin karan dawa da ke bakin hanyar injin niƙa, kusa da gidan Alhaji Sada, inda mata ke wucewa da ƙullinsu. Shaidu suka hau kan katanga, Zaharaddeen ya saita wayarsa. Alhaji da kansa ya fito da kujera.

Abin da Farfesan Dodanni ya manta, duk da a garin aka haife shi, shi ne a daidai wannan lokaci ake dawo da tumaki da awakin gari daga kiwo, kuma ta wannan hanyar suke bi. Ya ji takun tafiya, ya ɗauka mata ne. Ya yi tsalle ya dira tsakiyar hanya, ya ɗaga hannuwa.

"Haaauuu!"

Tumaki sun fi sittin suka tsaya cak. Aka yi kallon kallo. Wata tsohuwar tunkiya ta matso, ta shinshina gwiwarsa, ta lasa, ta yi wani kuka da ni dai na fassara shi da "ku taho, an sauke." Sai garke ya rufe shi.

"Kai! Tir! Ku tafi! Ni kura ce!"

Ina! Wannan na figar cinya, wancan na lasar tumbi, wata akuya ta kafa ƙafafu a bayansa tana cin ƙeya. Ana cikin haka ƙamshin dusa ya kai wa babban ragon Alhaji Sada, wanda ake turkarsa don Babbar Sallah, wani ƙato mai ƙaho a murɗe. Ya fizge turke ya fito da igiya a wuya. Ya ga ƙananan dabbobi sun riga shi akushi, sai ya ja da baya, ya sunkuyar da kai.

Maiwada ya hango shi. Mutumin da ya shekara ashirin ko gezau bai yi ba ya ƙwala ihun da aka ji har tasha.

"Wayyo Allah! Hansai! Jama'a ku taimake ni, zai kashe ni!"

Ya zura da gudu, ƙafar ɗori ta warke nan take, silifas suka yi nasu wuri. Rago na binsa, garke na bin rago, auduga na tashi a iska. Sau biyu ragon ya same shi a mazaunai kafin ya dafe bishiyar darbejiya ya maƙale a reshe, rabin jikinsa kura, rabi Maiwada. Mata masu ƙulli suka iso, suka sauke kwanoninsu don su ji daɗin dariya.

Da aka taru a gidan kallo bayan isha'i, babu masaka tsinke, bencinan nan uku ma sun cika har da na tsaye. Alhaji Sada ya yi gyaran murya.

"Jama'a, sharaɗi dai shi ne a tsorata mutum ɗaya a gaban shaidu. To an tsorata mutum ɗaya, duk mun gani, mun kuma ji. Sai dai wanda ya yi aikin ragona ne, shi kuwa ba shi da yatsun danna rimot. Maiwada, miƙa wa Zaharaddeen."

Maiwada ya ciro ledar ya miƙa, ya ja jiki ya koma bencin ƙarshe, ya zauna a karkace saboda inda ragon ya taɓa. Zaharaddeen kuwa ko sabon fim ɗin bai saka ba. Wayarsa ya jona da talabijin. Sau huɗu aka kalli tseren, yana tsayarwa daidai inda ƙaho ya sauka, ya miƙe ya yi bayani, yadda Farfesa ya koya masa.

A karo na huɗu Maiwada ya kasa daurewa, ya miƙe daga baya.

"To ai kun gani da idonku! Wannan aikin hannu ne, ko ɗigon kwamfuta babu! Shi ya sa nake ce muku na asali ba a sake yin irinsa!"

Alhaji Sada ya juyo a kujerarsa.

"A'a, Farfesa, wannan kam dole a sake yi. Wata biyu ragon nan yana ƙin dusa, sai yau na ga ya bi ta a guje da marmari. Ka riƙa zuwa duk Alhamis har Sallah, ni zan kawo kokon."