Ƙusa Goma Sha Ɗaya a Rufin Baba Injiniya

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka buga gasar cin kofin duniya a nan Katar, ba don ƙwallo ba (ni ko ɗan wasa ɗaya ban sani ba), sai don abin da na aikata da guduma.

A lokacin ina tuƙa wani dattijo ɗan ƙasar Sin, muna ce masa Baba Injiniya. A falonsa na unguwar Aziziya akwai wani ɗan gini na katako, bai fi akurkin kaji ba, bakin rufinsa ya lanƙwashe sama kamar ƙaho. Ran da na fara ganinsa sai da na yi a'uziyya na leƙa ciki. Da na ga babu gunki, hankalina ya kwanta. Ya ce mini siffar tsohon ɗakin bautar mabiya addinin Tao ce na garinsu, a bakin teku, inda matuƙan jirgin ruwa kan shiga kafin tafiya. Marigayi mahaifinsa ne ya sassaƙa.

Da zai koma sabon gida a Lusail, ni ya ba amanar ɗaukar ɗan ginin. Ina ɗagawa na ji rufin yana girgiza. Na duba, ko ƙusa ɗaya babu! Ni kuwa ɗan kafinta ne. Na ce Allah ya ji ƙan ma'aikata, wannan ai aikin ganin ido ne. Na sayi ƙananan ƙusoshi, na yi bisimilla, na buga goma sha ɗaya. Ban faɗa masa ba, wai kada ladana ya ragu.

Ranar Asabar ya tara abokan aikinsa, ya ce in tsaya in sha shayi. Ya shiga ba su labari: ainihin ginin na garinsu ya yi ɗaruruwan shekaru, guguwar teku ta sha kwashe gidajen da ke kewaye da shi, shi yana nan. Sirrin, in ji shi, itace ne ke riƙe da itace, an saƙa su kamar yatsu, iska ta kaɗa su su koma wurinsu.

"Bari in cire rufin ku gani," ya ce.

Ya ja, shiru. Ya sake ja. Ni kuma (Allah ya yafe mini) na ajiye kofi, na gyara hula.

"Baba, kada ka wahalar da kanka. Ai na gyara."

"Ka gyara me, Malam?"

"Mahaifinka ya manta ƙusa."

Wani ya ƙware da shayi. Baba Injiniya ya sa tabarau, ya bi ƙusoshin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Na fara tunanin jirgin komawa gida Kano.

Na roƙi ya bar ni in warware ɓarnata. Mako uku ina zare ƙusa a hankali, ina like ramuka da garin katako. Don kada in ruɗe, duk guntun da na cire sai in rubuta masa da fensir a ajami: dama, hagu, na sama. Ran da na gama, ya girgiza rufin, ya ji yana motsi, ya yi murmushi. Na ɗauko abin gogewa zan share rubutun, ya riƙe hannuna.

"Bar shi. Hannun mahaifina, hannunka. Khalas, shi ke nan, magana ta wuce."

Tun daga ranar, in na ga abu yana girgiza, sai na tambayi shekarunsa kafin in nemo guduma.