Benci Ɗaya Da Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, a farkon shekarun tamanin, lokacin ina lebura a wani kamfanin jimar fata a Challawa.

Gara na fara da laifina. Sa'ad da nake neman auren Hajara, kawuna ya shaida wa iyayenta cewa na gama sakandare. Ni na gaya masa haka. Gaskiyar magana, a aji bakwai na firamare na tsaya. (Ina da agogo da biro biyu a aljihun gaba, a wancan zamanin wannan ya isa shaida.) Mahaifinta, Malam Sule, mai kula da sito ne a wata masaƙa a Bompai, dattijo mai kamewa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in na hango shi kuma takalmi nake cirewa na durƙusa, kamar yadda kowa ke yi wa surukinsa.

Bayan an haifa mana 'ya'ya biyu, kamfani ya ce ba wanda za a ƙara wa girma sai mai takarda. Wani abokin aiki ya kwatanta mini wata ƙaramar makarantar yamma a Sharada, ɗakuna uku a bayan wani sito, inda ake karɓar waɗanda karatu ya wuce su. Na je na yi rajista a ɓoye.

Ranar farko na makara. Hedimasta, wani tsohon malami da ya yi ritaya, ya raka ni aji da kansa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon mutane. Ga ma'aikatan masaƙa da burbushin auduga a hulunansu, ga 'yan jima irina da warin da sabulu ba ya fitarwa. Akwai samarin da aka kora daga makarantun kwana, da wasu 'yan Maraɗi da suka yi boko da Faransanci, da matan aure biyu a gefe. Wuri ɗaya ya rage, a bencin baya, kusa da wani mai furfura da ya duƙufa yana rubutu.

Sai da na isa kansa ya ɗago. Malam Sule ne.

Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Na tsinci kaina ba takalmi, a durƙushe tsakanin bencina, ina cewa, "Baba, barka da yamma." Aji ya kwashe da dariya. Wani ɗan masaƙa ya ce in dai haka ake gaisuwa a nan, shi gwiwarsa ba za ta kai jarrabawa ba. Hedimasta ya tsawatar, ya ce a ɗakin nan ba Baba ba yaro, duka ɗalibai ne. Sannan ya gaya mini al'adar makarantar: sabon ɗalibi yakan miƙe ya faɗi sunansa, da wurin aikinsa, da ajin da ya tsaya, don kada kowa ya ɗauka ya fi wani.

Na faɗi suna, na faɗi kamfani, na juya zan zauna. Hedimasta ya ce saura ɗaya. Na yi tunanin na ƙirƙiro wani aji, amma mai sakandare me ya kawo shi nan? Na ce, "Aji bakwai." Ya ce bai ji ba. (Allah ya jiƙansa, kunnensa na da nauyi, amma ranar na zarge shi.) Na maimaita da ƙarfi.

Na zauna a ƙarshen bencin, rabin jikina a iska. Ban san abin da aka koyar ba. Abin da ke raina shi ne gobe za a kira kawu, a tambaye shi da wace magana aka karɓi 'yar mutane.

Da aka tashi na lallaɓa wajen kekena, sai na tarar da shi tsugune yana gyara sarƙar nasa. Na durƙusa, na fara cewa maganar sakandaren nan, Baba... Bai dube ni ba.

"Ai ga ka a cikinta. Ka gama ta, maganar kawunka ta zama gaskiya." Ya juya feda da hannu, sannan ya rage murya. "A gida, na ce musu karatun littafi nake zuwa wajen wani malami. Kai fa?"

"Obataim na ce ina yi a kamfani, Baba."

"To, madalla."

Washegari ya koma bencin gaba, ya ce idonsa ba ya ganin allo. Ba mu sake tayar da zancen ba har muka gama. Hajara kuwa na gaya mata nawa da bakina, na Baba na bar masa abinsa.

Daga baya na gane kusan kowa a ajin nan yana da abin da yake faɗa a gida. Ni na zaɓi Sharada ne don ba wanda ya san ni a can, shi ma don haka ya tsallako daga Bompai. Darasin da na ɗauka shi ne, in za ka ɓuya, kada ka nemi inda ba a san ka ba. Duk mai jin kunya irinka can ya nufa.