Rasuwar Gwaggo Taƙi, Mai Yanke Wutar Gidan Ƙanƙara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, ni Syamsuddin, wanda aka fi sani da Daeng Sam mai wuta, a madadin ma'aikatan gidan ƙanƙara na bakin tashar jiragen kamun kifi ta Bajoe, ina sanar da rasuwar uwarmu, babbar burekarmu mai yanke wutar gidan duka, wadda muke kira Gwaggo Taƙi. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara ashirin da shida a bakin aiki.

Marigayiya ta zo mana a cikin akwatin katako, aka ɗaura ta tsakanin taransifoma da sauran injuna, aka ce mata amfiya ɗari takwas na wuta ne iyakar abin da zai wuce ta hannunta. Har ta koma ba ta bar ko ɗaya ya ɗoru a kai ba. Ba ta da yawan magana. Kalma ɗaya ta sani, ƙas! Da ta faɗe ta sai fitilu su mutu, injuna su yi tsit, a jiyo muryar mai gidan, Haji Mappiare, wanda muke girmamawa da kiran Puang Haji, daga ofis.

"Sam! Tsohuwar nan taka ta sake, ko?"

"Puang Haji, ai injunan ƙanƙara ne, an tada kwamfaresa biyu a tare."

"To, ba nawa ba ne duka biyun?"

"Naka ne. Amma inji in zai tashi yakan ja wuta ninki shida na abin da yake ci in ya kama gudu. A bar na farko ya zauna tukuna."

"Murɗa mata kunne ta ƙara haƙuri mana."

"In na murɗa, kebul ne zai dahu a madadinta."

"Kai da ita, ban san wanda ya koya wa wani taurin kai ba."

Wannan hira mun yi ta fiye da sau ɗari. Masunta sun zage ta a kan layin jiran ƙanƙara. Ibu Tenri mai ɗakin sanyi ta taɓa jifarta da takalmi. Gwaggo ba ta riƙe kowa a zuci ba. A gyara abin da ya ɓaci, a ɗaga hannunta, ta mayar da wuta kamar ba a yi ba.

Ta yi jinya kamar ta duk ƙarfen da ya tsufa a bakin teku. Iskar gishiri ta ci haƙoranta. A daminar bara ta fara zazzaɓi a layin tsakiya, in ka kai bayan hannu kusa sai ka ji ɗumi. Na kashe wuta, na goge, na ƙara ɗaure kusoshi, ta ɗan samu sauƙi.

Amma ba ciwon ne ya kashe ta ba, kuma tunda sanarwa ce ta mutuwa, bari in faɗi gaskiya. Kwamfaresa ta biyu tana da ƙaramar burekarta, wadda ta lalace a tsakiyar kakar kifi. Jirage suna jira, sabuwa sai an aiko daga birnin Makassar. Ni da hannuna na cire ta na haɗa layin kai tsaye da sandar tagulla, na ce kwana biyu kawai. Kwana biyun nan sai da suka yi wata bakwai.

Ranar Talata, Daeng Ngalle, wanda ke tura amalanken ƙanƙara, ya kwaso lodi ya sha kwana da gudu. Ƙafar amalanken ta kubce, gefen ƙarfensa ya datse kebul ɗin kwamfaresa ta biyu a jikin bango. Layi ya haɗu da layi. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga wani farin haske, na ji kamar an fasa dutse. Taki ɗaya daga wurin bututun iskar gas mai daskarar da ƙanƙara yake, wanda in ya fashe ba mai fita daga ɗakin injuna da numfashinsa, kuma mutum tara ne a ciki. Babu ƙaramar bureka da za ta tare. Gwaggo ce kaɗai ta rage.

Ta faɗi kalmarta, da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Wuta ta ɗauke. Hayaƙi ya biyo ta gefen murfinta.

Muka tarar da Ngalle zaune a kan ƙanƙara, girarsa ta babbake, yana shafa jikinsa.

"Daeng Sam, na mutu ne?"

"Da ka mutu da mun huta da tambaya. Tashi, wandonka na jiƙewa."

Da na buɗe ta, haƙoranta uku sun narke sun zama dunƙule. Na gwada ɗaga hannunta, ya faɗo. Haji ya zo ya tsaya a bayana, ya dubi bututun, ya dubi Ngalle. Na faɗa masa zancen sandar tagulla tun kafin ya tambaya.

"Wa ya ce ka yi sauri a lokacin?" in ji shi.

"Kai ne, Puang Haji."

"To, ka rage murya. Je ka nemo mana aro kafin kifin Tenri ya fara gaisawa da mutane."

Kifi tan arba'in ne a ɗakin sanyi. Ibu Tenri ta zauna a bakin ƙofar da sanda, ta rantse duk wanda ya buɗe sai ta fasa masa kai. Kafin la'asar muka ɗaura wata bureka da mai injin casar shinkafa ya ara mana, aka canza kebul, sanyi ya dawo. Ko kifi ɗaya bai lalace ba.

Marigayiya ta bar taransifoma ɗaya cikin ƙoshin lafiya, da kwamfaresa uku, da ƙananan bureka goma sha ɗaya da jikoki fiyus masu yawa. Ta bar Daeng Ngalle da matarsa da 'ya'yansa biyar. Ta bar ni, da kunya.

Mai sayen tsohon ƙarfe ya zo tun ba ta huce ba, yana tambayar nauyin tagullarta. Haji ya raka shi har titi da kalmomin da ba za su shiga sanarwa ba. Mun tuntuɓi limamin masallacin tasha, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma shan kofi ba laifi.

Saboda haka za a yi bankwana da ita ranar Asabar bayan la'asar, a farfajiyar gidan ƙanƙara. Ngalle ne zai ɗauko ta, a hannu, ba a amalanke ba. Za a kafe ta a bangon ɗakin injuna, a buɗe, yadda duk sabon ma'aikaci zai ga cikinta. Akwai kofi, da romon kifi, da alalar ayaba daga hannun Ibu Tenri. Masu zuwa ta ruwa su ɗaure jiragensu a bayan rumfar gwanjon kifi, kada a tare hanyar lodi.

Ba a buƙatar furanni. Duk mai son yi wa marigayiya alheri, ya koma gida ya cire guntuwar wayar da ya naɗa a gurbin fiyus. Kada wani ya ce ba shi da ita. Ni na ja wa yawancinku wuta, na san gidajenku.