Manomin Cikin Waya

Wani ne mai aski, yana da ɗan shagonsa a bakin titi. Kujera ɗaya, madubi mai tsaga, da fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya. Wannan bawan Allah tun yana saurayi ya gudo daga gonar ubansa, wai fartanya tana sa masa ciwon ƙirji. Sai ga shi da girmansa wani abokinsa ya saka masa wasan noma a waya. Shi ke nan, mutum ya zama manomi.

In ka ji shi yana yabon gonar nan sai ka yi sha'awa. Ba rana, ba ƙaya, ba maciji. Ka shafa da yatsa, an yi huɗa. Ka sake shafawa, masara ta fito. Saniya ba ta harbi, kaza ba ta mura, maƙwabcin gona ba ya cin iyaka. Kuma kowa a ƙauyen cikin wayar nan gaishe shi yake yi, abin da ko yaran layinsu ba sa yi.

Rannan yana tsakiyar aske wa wani direba kai, ya gama ɓangaren dama, sai waya ta ce "muuu" daga aljihu. Ya ajiye inji.

Direba ya ce, "Malam, lafiya?"

"Yi haƙuri, saniyata ce za ta haihu."

"Ikon Allah! To wa ke wajenta?"

"Ni ne, ga ni a kanta."

Direba ya dubi madubi, ya ga rabin kai kamar an raba gona da ɗan'uwa. Ya jira, ya jira. Da ya gaji ya kifa hula ya fita. Mai aski ko ɗago kai bai yi ba, sai ya bi shi da murya: "Mace ta haifa!"

A gida kuwa abin ya fi muni. Matarsa ta ce, "Maigida, ba tumatir fa."

"Tumatir? Ni kike gaya wa tumatir? Sitona ya cika har na rasa inda zan zuba."

"To ɗebo mini uku in yi miya."

"Ke dai ba ki da hangen nesa."

Tana da ɗan barkono da ta shuka a tsohon bokiti a bakin ƙofa. Ta je gidan yayarta jinya, ta bar masa amanar ba shi ruwa. Ta dawo ta tarar ya bushe ƙayau, shi kuma yana zaune a gefen bokitin yana ba kabewar cikin waya ruwa da babban yatsa. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ta ina maigidan, sai ta taɓe baki ta ce, "Yana gona."

To ashe har babanta haka take gaya wa. Tsoho manomi ne na gaske, tafin hannunsa kamar bayan itace. Ya kira da safe, "Yana gona." Ya kira da yamma, "Yana gona." Tsoho ya ji daɗi, ya ce ashe yaron nan ya yi hankali. Shekarar kuma tasa gonar ba ta yi ba. Sai ya naɗe buhuna ya hau mota, ya zo neman iri wajen suruki.

Mai aski ya durƙusa ya gaishe shi.

Tsoho ya ce, "Ɗana, na ji labari, Allah ya yi albarka. Me kake shukawa?"

"Komai da komai, Baba."

"Masarar taka tana jimawa kafin ta nuna?"

"Kafin shayi ya huce, Baba."

Tsoho ya gyara zama. "Wane irin iri ne wannan? Ruwa fa, ana samu a wajenku?"

"Ni nake kunna shi, Baba."

"Kai kake kunna ruwan sama?"

"In na ga dama."

Tsoho ya yi salati ya miƙe, ya saɓa buhunansa. "Tashi mu je in gani da idona."

"Ai Baba, da ka huta tukuna."

Matar ta leƙo daga ɗakin girki, ludayi a hannu. "Wane hutu? Nuna masa mana, Sarkin Noma. Baba, zauna abinka, ba nisa. Tana aljihunsa."

Ba yadda ya iya, ya zaro waya. Tsoho ya kawo ido kusa, ya ƙanƙance shi.

"Wannan ƙudan fa?"

"Saniya ce, Baba."

"Wannan mai tsalle da hular kaba?"

"Ni ne, Baba."

Tsoho ya dubi 'yarsa, ya dubi buhunan da ya sha wahalar ɗaukowa. Bai kai ga magana ba waya ta yi ƙyaf ta mutu. Caji ya ƙare. Mai aski ya zabura ya cusa caja a bango. Shiru, an ɗauke wuta. Ya manta da suruki, ya manta da kunya, ya ɗora hannu a ka yana zagaya ɗaki.

"Wayyo masarata! Ta nuna, ban girbe ba! Ya Allah ka kawo wuta! Ya Allah wuta, yanzu-yanzu!"

Tsoho ya naɗe buhunansa a hankali, ya sa takalmi, ya ce, "Tun da uwata ta haife ni nake noma, yau na fara ganin manomin da masararsa ta nuna yana roƙon Allah ya kawo mata wuta."